Yadda za ki mayar da ragowar duwatsun ado sarƙa, awarwaro da jigida

Duk mai haɗa duwatsun ado tana da wata roba ko gwangwanin madara da take zuba ragowa a ciki: kiristal bakwai da suka saura daga sarƙar biki, rabin ƙullin ƙananan duwatsu, ɗan kunne da ɗan'uwansa ya ɓata, tsohuwar jigida da ta tsinke. Abin da ke sa su yi ta taruwa shi ne a fara zaɓar fasali sannan a je neman duwatsun da za su dace da shi, kullum kuwa sai an sayo sabo. In ana so ragowa ta ƙare, sai a juya tsarin. A fara ƙirga abin da ke hannu, shi zai faɗi abin da za a yi. Kuɗin da za ki kashe ya tsaya ga zare da maɗauri, don su ne ba a yi wa rowa.

Tantancewa

Ki shimfiɗa tawul mai launi ɗaya a kan tire, ki juye duwatsun a kai. Tawul na hana su gangarewa. Ki yi aikin da rana, kusa da taga, domin a hasken fitila shuɗi mai duhu da baƙi kusan abu ɗaya ne.

Yawancin mutane da launi suke fara rabawa. Ya fi kyau ki fara da girma da kuma faɗin huda, launi ya zo daga baya, saboda huda ce ke nuna zaren da zai shiga. Ki riƙe guntun zaren roba mai kaurin milimita 0.8 ki riƙa gwadawa: waɗanda ya shige su cikin sauƙi gefe guda, waɗanda ya ƙi shiga gefe guda. Kwalin ƙwai ko robar yin ƙanƙara sun isa wajen rabon.

Daga nan sai ki raba gilashi da roba. Gilashi da dutse na gaske suna da sanyi a hannu, suna da nauyi, in kin ƙwanƙwasa su a haƙori za ki ji ƙara mai kaifi. Roba ba ta da nauyi, sau da yawa kuma akwai ɗan layi a jikinta inda aka haɗa ta. In har yanzu kina shakka, ki ɗumama bakin allura a wuta ki taɓa cikin hudar: roba za ta narke, gilashi ko gezau. Amfanin sanin wannan shi ne daidaita nauyi. Sarƙar da gefenta ɗaya gilashi ne, ɗayan roba, za ta yi ta juyawa a wuya har maɗaurin ya dawo gaba.

Akwai gwaji biyu da bai kamata ki tsallake ba. Na farko na launi ne. Ki ɗauki uku daga kowane iri, ki jiƙa su a ruwan sabulu mai ɗumi su kwana, da safe ki murza su da farin ƙyalle. Wanda ya zuba, rina shi aka yi daga waje, kuma zai ɓata farar riga ko wuyan mai shi ranar da ta yi gumi. Irin wannan a ajiye shi don ɗan kunne ko adon jaka, inda ba ya gugar fata. Na biyu na bakin huda ne. Ki zura zare a dutsen, ki ja shi gaba da baya kamar sau ashirin kina dannawa a gefen hudar. In zaren ya fara tsagewa, bakin yana da kaifi. Kiristal mai kusurwoyi ya fi kowa wannan laifi, kuma yawanci shi ke sa sarƙa ta tsinke a tsakiyar taro. Ba sai kin zubar da shi ba: ki sa ƙaramin dutse mai santsi a kowane gefensa, ko ki jera shi a kan waya mai rufin roba maimakon zare.

Dutsen da ya tsage, da lu'ulu'un roba da fatarsa ta fara salewa, ki zubar. Salewar ba ta tsayawa.

In kin ci karo da tsofaffin duwatsu na gado a cikin ragowar, kamar murjani, ko tsakiya, ko duwatsun gilashi irin na Masaga da ake yi a Bida, ko na Krobo da ake yi a Gana da garin kwalba, ki ware su. Hudarsu kan yi faɗi, girmansu ba ya zuwa daidai da juna, kuma guda ɗaya tak ya isa ya zama tsakiyar sarƙa. Asara ce a binne su a cikin gauraye.

Zare: abin da za ki saya sabo

Dutse ba ya tsufa, zare kuwa yana tsufa. Zaren roba mai talewa da ya shekara biyu a ɗaki mai zafi ya riga ya mutu ko da a ido lafiyarsa ƙalau. Ki yanki taki ɗaya ki ja shi da ƙarfi sau goma. In ya yi fari-fari, ko ya ƙi komawa tsawonsa, ko yana danƙo a yatsa, ya tashi daga aiki.

Zaren roba mai talewa na awarwaro ne. Milimita 0.5 ga ƙananan duwatsu marasa nauyi, 0.7 ko 0.8 ga masu milimita 6 zuwa 8, sai 1.0 ga manya. Zaren kamun kifi, wanda shi aka fi samu a kasuwa, yana da kyau ga saƙa da jigida: 0.25 ko 0.30 in zaren zai bi ta dutse ɗaya sau biyu ko uku, 0.40 zuwa 0.50 in layi ɗaya ne mai nauyi. Aibinsa shi ne yana riƙe lanƙwasar abin da aka naɗe shi a kai, kuma ƙullinsa na zamewa. Maganin lanƙwasar, ki tsoma abin da kika yanka a ruwan ɗumi minti biyu, ki miƙar da shi tsakanin hannuwanki.

Ga sarƙa mai nauyi ko mai kiristal, waya mai rufin roba ita ce daidai, mai kaurin 0.38 ko 0.45. A cikinta siraran wayoyi ne aka murɗe, 7 ko 19 ko 49. Mai 7 ta fi araha amma tana da tauri, in ta lanƙwashe a wuri ɗaya ba ta komawa. Mai 49 ta fi laushi, tana kwanciya a wuya kamar zare. Ita wannan wayar ba a ƙulla ta. Da sitofa ake kame ta, wato ɗan ƙarfen nan mai huda da ake matsewa da filaya.

Kayan aiki kuwa ba su da yawa: filaya mai faffaɗan baki, filaya mai zagayayyen baki don yin zobe, abin yankan waya, almakashi, tef ɗin tela, salatif. Kada ki yanki waya da almakashin ɗinki, zai dakushe nan take.

Lissafi kafin a zura ko ɗaya

Nan ne ragowa ke zama abin sawa ko ta koma gwangwani. Ki auna wuyan hannu da tef, ba matsewa. A ce ya ba ki santimita 16. Ba santimita 16 na duwatsu za ki jera ba, domin zaren yana bi ta tsakiyar dutse ne, rabin kaurin dutsen yana ciki yana cin wuri. Ƙa'idar ita ce ki ƙara kaurin dutsen sau uku, sannan ki ƙara kamar rabin santimita zuwa ɗaya don sakewa. Ga dutse mai milimita 8, wannan ya kai ki wajen santimita 19, wato duwatsu 24. Ga mai milimita 10, santimita 20, duwatsu 20. Ga mai milimita 4, santimita 18, duwatsu 45. Rashin sanin wannan ne ke sa awarwaron manyan duwatsu ya matse hannu alhali an auna daidai.

To, a ce masu milimita 8 guda 14 kawai kike da su. Tsawonsu santimita 11 da ɗan kai, saura kusan 8. Gurbi 14 ne a tsakaninsu, tunda zagaye ne. Ki sa ƙanana biyu masu milimita 3 a kowane gurbi, guda 28 ke nan, sun ba ki santimita 8.4. Awarwaro ya cika, ba wanda zai ce ƙarancin dutse ne ya kawo tsarin. In guda 7 ne kawai, ki tara su wuri ɗaya su zama fuska, sauran zagayen ki cike da ƙanana.

Ki jera komai a kan tawul kusa da tef kafin ki taɓa zare. In kin gamsu, ki ɗauki hotonsa a waya, don hannun yaro ko iska na iya watsa shi.

Awarwaron roba

Ki yanki zare santimita 30. Ki ja shi sosai sau huɗu ko biyar tun kafin ki sa dutse, in ba haka ba zai saki bayan mako guda, a riƙa ganin zare tsakanin duwatsu. Ki manna salatif a baki ɗaya. Dutsen farko ya zama wanda ya fi faɗin huda, a cikinsa ƙulli zai ɓuya.

In kin gama jerawa, ki gwada a hannu, sannan ki ƙulla. Ƙulli na farko ki zagaya bakin zaren sau biyu kafin ki ja, na biyu sau ɗaya ta ɗaya ɓangaren. Ki ja bakunan biyu, sannan ki ja awarwaron kansa daga hagu da dama na ƙullin, haka yake zama daram. Ki ɗiga ɗan man farce marar launi a kai da bakin tsinke, ki bar shi ya bushe, ki yanke zaren ki bar milimita 2, ki ja ƙullin cikin dutsen. A guji sufa gulu a nan. Yana sandarar da roba, sai ta karye daidai gefen ƙullin, yana kuma barin farin tabo a kan kiristal.

Wajen sawa, a murza shi ya bi bayan hannu. Talewa da yatsu kowace safiya ita ke kashe shi da wuri.

Sarƙa

Tsawon da ya fi karɓar yawancin wuyan riga shi ne santimita 45. Mai kama wuya 38 zuwa 40, doguwa 55 zuwa 60. Maɗauri da zobensa suna cin kamar santimita 2, don haka a sarƙa mai 45 duwatsun santimita 43 ne.

Manyan su zauna a tsakiya, kuma yawansu ya zama mara, uku ko biyar ko bakwai, don a samu guda ɗaya a tsakiyar ƙirji. Daga tsakiya ake fara jerawa a nufi gefe biyu, duk abin da kika sa a dama ki sa irinsa a hagu. A ce kina da biyar masu milimita 12 da takwas masu milimita 8. Biyar a tsakiya, huɗu-huɗu a gefe, jimla santimita 12 da rabi. Ragowar santimita 15 a kowane gefe ki cike da masu milimita 4, kamar 38 kowane ɓangare, ko kuma ki yanko guntun tsohuwar sarƙar ƙarfe ki haɗa. Bayan wuya gyale ko mayafi ke rufe shi, can za ki kai duwatsun da ba su da wani kyau. Sai dai su zama masu santsi, don masu kusurwa suna kama gashi suna kuma cin wuya.

Kamewa da sitofa tana da tsari. Ki yanki waya santimita 55. Ki zura sitofa, ki bi ta zoben maɗauri, ki dawo ta cikin sitofar. Ki bar ɗan madauki wanda tsinken sakace zai iya shiga, don maɗaurin ya riƙa motsi. Ki tabbatar wayoyin biyu suna kwance gefe da gefe a cikin sitofar, ba su hau juna ba, sannan ki matse. In sun hau juna, ɗaya ce kawai za ta kamu, ɗayar ta zame. Ki ja da ƙarfi ki gani. Guntun wayar da ya rage ki tura shi cikin duwatsu uku na farko.

Kuskuren da aka fi yi yana a ɗaya bakin. Mutum ya miƙar da sarƙar a tebur, ya ja wayar tam, ya matse. Da an lanƙwasa ta a wuya sai ta sandare kamar sanda, duwatsun suna cizon juna, wayar na wahala. Kafin ki matse sitofa ta biyu, ki naɗe sarƙar ta yi zagaye kamar tana wuya, a haka za ki matse. Ga sarƙa mai nauyi, sitofa biyu a kowane baki.

In duwatsun ba su fi tara ba, akwai fasalin da ke son haka. Ki jera su a kan waya da tazarar santimita 4, kowanne sitofa a gabansa da bayansa, wato sitofa 18 ga duwatsu tara, sai su zama kamar suna shawagi a wuya. Ki yi alamar wuraren da biro a kan takarda, ki ɗora wayar a kai kina bi, in ba haka ba tazarar ba za ta zo daidai ba.

Gauraye da jigida

Ƙananan duwatsun nan masu kamar yashi su ne suka fi taruwa, kuma jigida ce ke cinye su. Lambarsu tana tafiya a juye: mai lamba 11 ya fi ƙanƙanta, kimanin milimita 2, mai 8 kimanin 3, mai 6 kimanin 4. Na Japan, irin su Miyuki da Toho, girmansu ɗaya ne kamar an auna, su suka dace da saƙa. Masu arahar da ake sayarwa a ƙulle ba sa zuwa daidai, wani siriri wani mai kauri, amma a jigida wannan ba aibi ba ne.

Zuba duk launuka wuri ɗaya ba tare da tsari ba yana ba da abu mai kama da datti. Dole launi ɗaya ya yi rinjaye. Ki auna da cokalin shayi: uku na launin da kika fi yawa da shi, ɗaya na wanda ke ɗasawa da shi, rabi na mai walƙiya, ruwan zinariya ko na azurfa. Baƙi da fari suna da ƙarfi, kaɗan ya isa, in ba su ne tushen ba. Ki juya a kofi, ki zura santimita 10 ki duba daga nesa. In wani launi yana tsalle a ido, ki rage shi. Kada ki riƙa zaɓa da hannu yayin zurawa, ki ɗauki duk wanda ya zo. Da kin fara zaɓe, za ki ƙare da kofi cike da launin da ba ki so.

Don sanin ko za su isa, ki zura cokali ɗaya cif ki auna tsawon da ya ba ki, ki ninka da yawan cokulan da kike da su. A ƙiyasi, masu lamba 11 guda bakwai ne a santimita ɗaya, masu lamba 8 huɗu zuwa biyar. Jigida mai santimita 90 za ta ci masu lamba 8 kimanin 400.

A auna ƙugu a tsaye, daidai inda ake so jigidar ta zauna, ba tare da an shanye ciki ba, a ƙara santimita 2 zuwa 3, sannan a zauna a gwada. Zaren nailan ko na kamun kifi a ninka shi biyu. Wadda za a riƙa cirewa a sa mata maɗauri mai murɗawa, don ƙugiya tana kama zane. Tunda jigida tana shan gumi da ruwan wanka, duwatsun da suka ci gwajin sabulu ne kawai za su shiga, kiristal mai kaifi kuma ba shi da wuri a nan. In gaurayen ya yi yawa, layi uku sirara sun fi layi ɗaya mai kauri kyau da daɗin sawa.

Bibbiyu da ɗaiɗai

Duk inda kika samu biyu iri ɗaya, ɗan kunne ne. Ki zura su a fil mai kai, ƙarami a ƙasa in hudar babban ta fi kan fil ɗin faɗi. Ki yanke ki bar santimita ɗaya, ki lanƙwasa shi ya kwanta, ki kama bakinsa da filaya mai zagayayyen baki ki naɗo shi ya zama zobe. Ki yi alama a jikin filayar don zoben biyu su zo girma ɗaya. Zobe kuwa, nasa ko na haɗi, ba a buɗe shi ta hanyar ware bakinsa hagu da dama. Murɗawa ake yi, baki ɗaya gaba ɗaya baya, a rufe shi ta haka, in ba haka ba ba zai koma zagaye ba. Ƙugiyar kunne ki saya sabuwa. Masu araha sukan ƙunshi nikel, shi ne ke sa kunnen wasu ƙaiƙayi da ruwa. In kin ga kore ko tsatsa a tsohon ƙarfe, kada ya koma jikin mutum.

Masu girma ɗaya guda 33 carbi ne, ko da launinsu ya bambanta, da ƙaramar alama bayan na 11 da na 22. Zaren nailan mai ƙarfi ake sawa, a bar sarari kamar faɗin yatsa biyu don duwatsun su riƙa gudu, a haɗa bakin zaren biyu a cikin dogon dutse, a ƙarasa da tuntu. Ɗaiɗaikun da suka rage suna yin mariƙin makulli, adon zif ɗin jaka, ko igiyar tabarau.

Abu ɗaya da ba a sassauci a kansa: kada a yi wa jariri ko yaron da bai kai shekara uku ba abin wuya na duwatsu. In ya tsinke zai kai baki ko hanci, in bai tsinke ba yana iya shaƙe shi. Tiren aikin ma a ɗaga shi sama.

Adana abin da aka gama

Turare shi ne babban abokin gabar dutse mai rufi. Humra da turaren fesawa suna cinye fatar lu'ulu'un roba, suna dusashe walƙiyar kiristal, suna kuma raunana zaren roba. A shafa mai, a fesa turare, a bari ya bushe, sannan a sa sarƙa. In za a turara jiki ko kaya, a cire ta tukuna. Bayan an cire a goge ta da busasshen ƙyalle mai laushi, musamman lokacin bazara da gumi ke yawa. Sarƙar waya a ajiye ta a kwance cikin zagaye mai faɗi, ta zare mai nauyi kada a rataye ta a ƙusa don za ta saki, kowacce kuma da 'yar ledarta saboda ƙurar hunturu da gogayya. Awarwaron roba da ake sawa kullum a sake masa zare da zarar an fara ganin sarari tsakanin duwatsu, a kan tire mai tawul za a yanke tsohon.